Aikin da Auta Ta Yi a Bayan Zaure

Ƙanwata, autar gidanmu, a kan kwamfutata ta koyi gyara, kuma ba da izinina ba. Wani ɗan kawunmu da ke fatauci ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, ne ya kawo mini ita kwance. Tsohuwa ce mai nauyi, an jera madannanta irin na Faransanci, ta yadda in ka nemi wani harafi sai ka tarar da maƙwabcinsa. A lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a nan Daura, da ita nake buga tambayoyin jarrabawa. Wata rana na dawo daga makaranta na iske ta a kan tabarmar Inna, an zazzage kayan cikinta a faranti kamar an feɗe kaza. Auta na zaune a gefe da wuƙar yanka albasa.

"Zafi take yi, Yaya. Na buɗe ne in ga abin da ke damunta."

"To kin gani?"

"Burbushin zaren ɗinkin Baba ne ya toshe fankar."

"Yanzu kuma me ke damunta?"

"Yanzu dai ni ce."

Kafin la'asar ta mayar da komai. Ƙusa ɗaya ta yi saura a faranti, muka yi ta kallonta ni da Auta, amma kwamfutar ta tashi, kuma ba ta sake yin zafi ba.

Da ta gama sakandare sai ta yi wani gajeren kwas a wani shagon koyar da kwamfuta da ke kusa da rijiyar Kusugu. Suka ba ta satifiket wanda ban taɓa ganin mai ado kamarsa ba: gefe ruwan zinare, tambari har biyu, ga jan ƙyalle a ƙasa. Inna ta sa aka yi masa gilashi aka rataye. Ni da na ga takardu iri-iri a aikin koyarwa na san cewa yawanci in ado ya yi yawa a satifiket, to nauyinsa kaɗan ne. Ban faɗa ba, don ranar murna ce.

Ainihin karatun nata a gidajen mutane ta yi shi. A shekarun nan bayan zuwan shari'a kusan kowane zaure a unguwarmu an sake rubuta masa "Ba shiga" da sabon fenti, kuma daidai lokacin ne kwamfutar hannu da babbar waya suka fara shiga ɗakunan mata. Wata an sako mata a lefe, wata an zo mata da ita tsarabar Makka, wata malamar makaranta ce da ke ƙaro karatu, wata kuma tana sayar da atamfa da turare ta waya. Na'ura ba ta san ba shiga ba, in ta tashi lalacewa ko a ƙuryar ɗaki sai ta lalace. Masu gyara kuwa duk maza ne, a bakin kasuwa suke. Ba su shiga gida, matan kuma ba su son aika musu, domin a ciki akwai hotunan biki da aka ɗauka ba mayafi, da hirar 'yan'uwa, da abin da mutum ba ya son wani saurayi ya gani yana shan shayi da abokansa.

Haka Auta ta samu kasuwa ba tare da ta buɗe shago ba. Za ta zura hijabi, ta ɗauki wata 'yar jaka mai ɗauke da sukudireba da filas da tsohon buroshin haƙori, ta fita. Ta ceto aikin digirin wata da ƙwayar cutar kwamfuta ta ɓoye. Ta koya wa wata yadda ake haɗa firinta. Ta canza allon da yaro ya taka. Ladan kuwa sai yadda Allah ya yi: yau sabulu, gobe turmin atamfa, jibi kwanon dambu da addu'a mai tsawo. Inna ta daina sayen turaren wuta gaba ɗaya. A haka ta yi 'yan shekaru.

Baba tela ne, a tsohon gari shagonsa yake, kuma ba ya gaba da kwamfuta. Bai dai yarda sana'a ce ba. A wurinsa sana'a ita ce wadda in an tambaye ka me 'yarka ke yi, za ka faɗa da kalma ɗaya a gane. Ni na zama malami, an gane. Yana son Auta ma ta tafi kwalejin horon malamai. Da ta yi ta ja da baya sai ya yanke magana wata safiya muna shan koko.

"Na ba ki zuwa ƙarshen damina. In kin samu aikin da albashinsa ya kai na sabon malamin firamare, ki yi ta kwance-kwancenki. In bai kai ba, kwaleji. Sabulu ba albashi ba ne."

Auta ta ce to. Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta.

Ana tsakiyar damina wani asibitin kuɗi da ke kan hanyar Baure ya sayi kwamfutoci don ajiye bayanan marasa lafiya, suka ce suna neman masu kula da su. Na zauna na shirya Auta yadda nake shirya ɗalibai muhawara. Na koya mata ta zauna a miƙe, ta amsa da cikakkiyar jimla, kada ta ce "ina ɗan taɓawa" in an tambaye ta abin da ta iya. Ta yi ta gyaɗa kai irin na ɗalibin da ya riga ya yanke shawarar abin da zai yi.

Na raka ta ranar ganawar, na zauna a benci a waje tare da masu jiran allura. Da ta fito na ga fuskarta na san ba lafiya ba, amma sai da muka yi nisa ta ba ni labari. Manajan asibitin mutum ne mai tsari, ya bayyana mata komai dalla-dalla. Albashin matakai uku ne. Na sama na mai difloma ne. Na tsakiya na mai ƙaramin satifiket ne wanda ya taɓa aiki a wani wuri kuma akwai mai shaidarsa. Na ƙasa na sabon shiga ne, wanda za a koya wa aiki. Wani saurayi mai difloma daga kwalejin fasaha ya samu na sama, kuma ya cancanta. Ita kuma manajan ya duba satifiket ɗinta mai ruwan zinare, ya yaba adonsa, sannan ya tambaye ta inda ta taɓa aiki.

"Na ce masa a gidaje."

"Madalla. Sai me?"

"Ya ce gidan wa da wa."

"Kika ce?"

"Na ce ba zan faɗa ba."

Na tsaya a tsakiyar hanya har wani mai babur ya yi mini magana.

"Auta, tambaya ɗaya ce tak mai maki a jarrabawar nan, kika bar ta ba amsa."

"Yaya, ba su ce in faɗa ba."

"Ba su ce kar ki faɗa ba."

"Ba sai sun ce ba. Don me suka kira ni suka bar na kasuwa?"

An ba ta aikin, amma a matakin ƙasa. Manajan bai zalunce ta ba. Abin da ke gabansa shi ne yarinya mai satifiket ɗin shago, wadda ta ce ta yi aiki a wurin da ba ta iya faɗa, ga mutanen da ba ta iya ambata. Ni ma da ɗalibi ya ce mini ya yi aikin gida amma sirri ne, na san makin da zan ba shi. Matakin ƙasan kuwa ko kusa da albashin malamin firamare bai je ba. An ba ta zuwa ƙarshen wata ta ce ta karɓa ko ba ta karɓa ba.

A tsakar gida na kawo shawarar da nake ganin ta hankali ce. Na san mazan gidajen nan, da wasunsu muke sallah sahu ɗaya, wasu abokan aikina ne. Zan bi su, kowa ya sa hannu cewa ƙanwata ta yi gyara a gidansa, shi ke nan.

Inna na tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Karatu dai ya yi maka yawa."

Auta ta ce, "Yaya, akwai gidan da har yau maigidan bai san kunu ya taɓa zubewa a kwamfutarsa ba. Ya tafi Kano ya dawo ya same ta tana aiki. Ka je ka ce ya shaida na gyara me?"

"Ba duka ba ne ai."

"Wata kuma ita ta sayi tata da kuɗin adashi, shi yana zaton ta ƙanwarta ce."

Na janye shawarata. Na yi shekaru ina koyar da labaran Turawa masu cike da asirin gidaje, ban san ana gudanar da irinsu a layinmu ba, kuma ƙanwata ce ma'ajinsu.

Abin da ta yi daga baya ba ni na koya mata ba. Ta sa hijabinta ta koma gidajen ɗaya bayan ɗaya, ba jaka a hannunta, ta tambayi kowace ko ta yarda a ambace ta. Da yamma takan dawo ta zauna a bakin rijiya tana cire takalmi, mu kuma mu karanta sakamako a fuskarta. Yawanci a'a ne, cikin ladabi. Wata ta ce sai ta tambayi maigida, wanda a garinmu hanya ce ta cewa a'a ba tare da an ɓata zumunci ba. Wata ta yi kuka ta ce ta yafe mata, ta kuma cika mata leda da cincin. Auta ba ta yi fushi da ko ɗaya ba. Ni ne nake fushi a madadinta, kuma ba wanda ya nemi hakan daga gare ni.

Watan ya ƙarato ƙarshe, gero ya fara fitar da kai, sai Auta ta je gidan wata Hajiya, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, ba ta da wanda za ta tambaya, kuma ko yana raye ban tsammanin tana tambaya. Auta ce ke kula da kwamfutar da take rubuta lissafin ƙungiyar matan unguwa a ciki. Hajiya ta saurara har ƙarshe.

"Takarda suke so?"

"Wanda zai shaida dai, Hajiya."

"Takarda ba ta amsa tambaya. Gobe ki zo ki raka ni."

Washegari da hantsi na sake samun kaina a asibitin, domin Inna ta ce ba za a bar mata su tafi ofis ba namiji daga gidanmu. Hajiya ba ita kaɗai ta zo ba. Ta biya ta ɗauko wata malamar islamiyya da wata mai sayar da atamfa, waɗanda da farko suka ce a'a, amma suka gano ce wa Hajiya a'a ya fi zuwa asibitin wuya. Manajan ya miƙe tsaye da ya gan ta. Ashe ta koyar da shi a aji uku.

"Ranki ya daɗe, da kin aiko ai da na zo."

"Zauna. Ba gaisuwa na zo ba. An ce kana neman wanda ya ga aikin yarinyar nan. Ga mu."

Manajan ya duba takardun gabansa. Na ga yana neman inda zai ajiye wannan shaida a tsarinsa, bai samu gurbi ba.

"Hajiya, a ƙa'ida takarda ce daga wurin aiki, da tambari."

"Ɗakina ba shi da tambari. Alƙali ma yana karɓar shaidar baki, kai wane ne?"

"Ni manaja ne kawai, ranki ya daɗe. Kuma ko na ji, ban san aikin ba. Ba zan gane babban gyara da ƙarami ba."

Na so mutumin nan a wannan lokacin. Bai ce to don kunyar malamarsa ba, bai kuma ce a'a don tsoron ƙa'ida ba. Ya aika aka kira saurayin nan mai difloma, wanda ya riga ya fara aiki, ya ce ya saurara ya faɗi gaskiya. Saurayin ya shigo ya durƙusa ya gaida iyaye, ya tsaya daga bakin ƙofa yana tambaya, idonsa a ƙasa.

Malamar islamiyya ta ce tata ta wayi gari ne allon ya yi shuɗi, ba ta shiga ko'ina, alhali sakamakon ɗalibanta duka yana ciki.

"Sai ta goge komai ta sake zubawa, Malama?"

"A'a. Ta ciro wani abu kamar ƙaramin littafi daga cikinta, ta jona da tata, ta kwashe mini kayana tukuna. Sannan ta goge."

Saurayin ya gyaɗa kai. Mai atamfa ta ce ita firintarta ce ta daina jin maganar kwamfuta, Auta ta sasanta su, ta kuma koya mata abin da za ta danna in sun sake faɗa.

Saurayin ya tambayi mai atamfa, "Kin sake kiranta a kan wannan?"

"Ban sake ba. Da kaina nake yi. Ita ta cuci kanta, da tana ta samun atamfa."

Aka yi dariya, har da manajan. Hajiya kuma ta ce ita ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin abin da ake yi ba. Abin da ta sani shi ne yarinyar na shiga ɗakinta shekara da shekaru, ta ga wanda ya biya kuɗin ƙungiya da wanda bai biya ba, kuma ba ta taɓa jin maganar a bakin kowa ba.

Manajan ya dubi saurayin. Saurayin ya ce, "Yallaɓai, aikin da kuka ɗauke ni in yi ke nan. Wasu ma a littafi na san su, ita ta yi da hannu. Amma haɗa kwamfutoci da yawa su yi aiki tare, wannan ba a samunsa a gida. Sai ta karanta."

Auta ta ce, "Gaskiya ne. Ban iya ba."

Na rufe ido. Duk horon da na yi mata ya tafi a banza karo na biyu.

Manajan ya ce zai kai wa likita mai asibitin. Bayan 'yan kwanaki aka aiko. An ɗaga ta zuwa matakin tsakiya. In kuma ta zauna jarrabawar ƙwarewa da ake yi a Katsina ta ci, za a ƙara mata. Saurayin ya aiko mata da littattafansa, duk ya ja layi a ƙarƙashin wuraren da ya ce suna fitowa.

Saura Baba. Muka same shi a shago bayan azahar yana ɗinkin wuyan wata riga. Auta ta durƙusa ta faɗi abin da aka yanka mata. Bai tsayar da keke ba sai da ya kai ƙarshen layi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai ne malami. Ya kai?"

Na san albashin sabon malamin firamare kamar yadda na san sunana. Auta na kallona. Na yi tunanin zagaye-zagayen da Turanci ya koya mini, na ga ba wanda zai wuce ta gaban Baba.

"Bai kai ba, Baba. Saura kaɗan."

"Kaɗan dai bai kai ba ne."

"Haka ne."

Auta ta sunkuyar da kai. Baba ya ciro rigar, ya yanke zare da haƙori, ya juya ta yana duba bayan ɗinkin.

"In ta ci ta Katsinan fa?"

"Zai wuce."

"In ba ta ci ba?"

Auta ce ta amsa. "In ban ci ba zan tafi kwalejin, Baba. Ba sai an sake faɗa mini ba."

Baba ya gyara tabarau. Sannan ya ce, "An ce matan nan da ƙafarsu suka je ofishin."

"Da ƙafarsu, Baba."

"Har da Hajiya shugaba."

"Ita ta ja su."

"Tun kafin a haife ku nake ɗinki a garin nan. Ba wanda ya taɓa wanke ƙafa ya je wani wuri ya ce na iya. In ka ga sun dawo, to hannun riga ne ya matse." Ya ninke rigar ya ɗora a kan sauran. "Damina na ce, ga shi tana shirin ƙarewa, kuma bai kai ba. Ban janye ba. Na dai ƙara wa'adi zuwa jarrabawar. Kai za ka kai ta Katsina, ka kuma jira ta a bakin ƙofa."

Ya ɗauko wani yadi ya shimfiɗa, alamar an sallame mu.

Watannin da suka biyo baya gidanmu ya koma makarantar kwana. Auta ta fara aiki, takan dawo da yamma da labarin nas ɗin da ta rantse kwamfuta ta cinye sunan majinyaci, alhali ita ce ta kashe allon da gwiwar hannu. Bayan magariba ta buɗe littattafan. Turancinsu ya fi ƙarfin satifiket mai ruwan zinare, nan ne a ƙarshe aka samu abin da zan iya. Ina fassara mata jimla, ita tana bayyana mini abin da jimlar ke nufi, domin sau da yawa nakan gane kowace kalma in kasa gane maganar. Ranar Asabar kuma ta ɗauki jakarta ta shiga gidaje kamar da, har da na waɗanda suka ce a'a.

Ranar jarrabawar muka hau motar safe zuwa Katsina. Na zauna a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bakin ƙofa kamar yadda aka umarce ni, na sayi gyaɗa, na gyara rubutun ɗalibaina. Irin jarrabawar nan ce da kwamfuta ke ba mutum sakamakonsa nan take, ba ta san a bari sai an huce ba. Da ta fito ta tsaya a kaina, ta karɓi ƙullin gyaɗar daga hannuna ta fara ci.

"To?"

"Da ƙyar, Yaya."

"Da ƙyar kin ci, ko da ƙyar kin faɗi?"

"Na ci. Tashi mu tafi kada mota ta cika, gobe da safe akwai firintar ɗakin magani da na ce musu zan duba."